Tatsuniya da Rana Tsaka

Samarin da ke zama a shagon cajin waya na bakin kasuwarmu sun ce sana'ata ba sana'a ba ce. Wai danna maɓalli ne kawai sai surutu, kuma surutu ai kowa ya iya. Ɗaya daga cikinsu, wanda na ci naman sunansa, har ya ce mini duk abin da nake tara mutane su kalla yana cikin aljihunsa. Na ce na yarda, ya ciro aljihun nasa ya tara mini dattawan garin nan su zauna har fim ya ƙare ba wanda ya yi gyangyaɗi. Muka yi dariya gaba ɗaya. Amma tun da magana ta kai nan, bari in faɗa muku yadda aikin yake, ku da kuke ganinsa kamar shan ruwa.

Sunana Haladu, amma daga ƙauyenmu har Ɗambatta, Haladu Majigi ake ce mini. Gidan kallo gare ni, kuma ni ne mai bayani: fim yana tafiya da yaren masu shi, ni ina gefe da makirfo ina mayar da shi Hausa. Iri biyu na riƙe tun farko. Akwai fina-finan tarihi, na sarakunan wasu ƙasashe da yaƙe-yaƙensu, waɗannan na manya ne. Akwai kuma katun na tatsuniya masu waƙoƙi, na yara da tsofaffin mata. Ƙwallo da dambe na bar wa wasu. Noma kuwa ina yi kamar kowa, don a nan ba wanda sana'a ke hana shi riƙe fartanya.

Aikin farko da maigidana ya ba ni shi ne goge kan bidiyo. Malam Buba ke nan, mai gidan kallo a Ɗambatta, Allah ya ji ƙansa. Na je wurinsa ina saurayi, da ɗan Turancin da na tsinto kafin in bar makaranta, ina ganin washegari za a miƙo mini makirfo. Sai ya miƙo mini farin ƙyalle da kwalbar sifirit. Zamanin kaset ne. In hoto ya fara rawa yana yin layi-layi, sai a kwance murfin bidiyon, a jiƙa ƙyallen kaɗan, a dafa shi a jikin kan, a riƙa juyawa a hankali da ɗan yatsa. In ka goga sama da ƙasa ka kashe shi, ka kuma kashe kasuwar ranar. Daga nan na koyi gyaran kaset in zare ya cukurkuɗe: a yanke wurin da ya lalace, a haɗa baki da baki, a manna salatif ta baya. Sai janareta, wanda shi ne maigidan kowa har da Malam Buba. Na koyi wanke fulogi, da gane kukan inji in mai ya kusa ƙarewa, da haƙa masa rami a bayan katanga don kada ƙararsa ta cinye maganar sarki. Sai da damina ta wuce, rani ya wuce, sannan aka bar ni na buɗe baki a gaban mutane.

Tare muka yi koyo da wani, ya fi ni Turanci nesa ba kusa ba. Ranar da aka fara ba shi makirfo, fim ɗin wani sarki ne da ƙaninsa ya ci amanarsa. Ƙanin yana shigowa fada da murmushi, abokina ya ce wa jama'a ga munafukin da zai kashe shi a ƙarshe. Mutane suka fara miƙewa suna kaɗe riga. Malam Buba bai yi faɗa ba, ya dai mayar da shi tsaron ƙofa, kuma a can ya gama koyonsa. Abin da ya ce mana shi ne mai bayani ba ya riga hoto, ko da ya haddace fim kamar sunansa. Dole ka yi mamaki tare da jama'a, ka ji tsoro tare da su, alhali jiya ma ka kalla.

Sauran aikin a yatsu yake. Hannunka na hagu ba ya barin maɓallin murya. In za ka yi magana ka rage ta fim, in takubba suka haɗu ka ƙara ka yi shiru, don ba wanda ke bukatar a gaya masa ana faɗa. Sunayen mutanen fim kuwa bakinmu ba ya iya su, sai ka raɗa musu naka tun shigowarsu ta farko, Gajere, Mai Tabo, Waziri Baƙin Ciki, kuma kada ka manta wanda ka ba wa wane, don 'yan kallo ba sa mantawa. Akwai wuraren da bai kamata a gani ba, su ma sai ka san zuwansu tun kafin su iso. Kwali nake ajiyewa a gefen ƙafata. Da kiɗa ya fara laushi, namiji ya matso kusa da mace, kwali ya hau fuskar talabijin, ni kuma in ce suna tattauna maganar gado. In aka zo waƙa, ka ajiye makirfo a cinya. Ka faɗi abin da za a rera kafin a fara, ko bayan an gama, amma kada ka sa muryarka a kan ta mai waƙa.

Da na dawo gida na kafa tawa rumfar da zana da langa-langa, mai unguwa ya gindaya mini sharaɗi tun kafin in kafa dirka. Manya su yi kallonsu bayan isha'i, a tashi da wuri. Yara kuwa ba ya son ganin ko ɗaya a wurina bayan magariba. Sai na ba su Alhamis da Juma'a da rana, ranakun da ba makarantar allo. A haka muke har yau, sai dai kayan ne suka sake. Kaset ya tafi, faifai ya zo, shi kuma man goge baki nake shafa masa in ya karce. Yanzu ɗan filashi ne kamar ƙwayar dabino, ga sola a kan rufi, talabijin ba ta da ƙeya. Bayana ya huta, amma bakina bai huta ba.

Wani fim da ba na mantawa, na wani birni ne mai ganuwa da aka yi wa zobe. Rundunar sarkin da ya kawo yaƙi ta ratsa ta cikin gonar alkama da dawakai, alkamar ta fitar da kai ba ta nuna ba. Masu shirya fim ɗin so suke a ga yawan runduna, amma rumfata gaba ɗaya sai ta ɗauki salati saboda gonar. Ɗanladi, wani dattijo daga unguwar Kiristoci ta ƙetaren rafi, wanda bai taɓa fashin kallo ba, ya ce wannan sarkin ba zai gama lafiya ba. Ni na san ƙarshen, na kame bakina. Da aka sare shi a ƙofar birnin, ba wanda ya yi maganar jarumtar mai takobin, kowa cewa yake alhakin mai gona ne. Tun daga ranar na gane da idon da mutanena ke kallon tarihi. Sarki ya kashe mutum dubu za a ce yaƙi ne, amma ya ƙona rumbu ya ga yadda za a tsine masa.

Bencin gaba na Sabo mahauci ne. Shi ba kallo yake zuwa ba, shawara yake zuwa ba sarki. In aka miƙo wa sarki kofi, Sabo zai ce kada ya sha. In aka yi walima a fada, Sabo zai ce an lalata ragon, ba haka ake fiɗa ba. Akwai wani sarkin yaƙi da na raɗa wa Ɗan Baƙi, wanda Sabo ya ɗauka kamar ɗan'uwansa. Ranar da kibiya ta same shi, Sabo ya tashi ya fita bai yi sallama da kowa ba, da safe kuma na gaishe shi ya kau da kai, kamar ni na harba. Da yamma ya aiko mini da tsire a takarda, da tambayar ko babu wani kashi na gaba da mutumin zai farfaɗo. Na ci tsiren, na aika masa cewa babu.

Aikin da ya fi gwada ni kuwa a zaure na yi shi, ban ga talabijin ba. Suna ake yi a gidan wani Alhaji a ƙauyen gabas da mu, matan gidan suka ce su ma suna son katun ɗin da yara ke ba su labari. Gidan kuwa ba shiga. Matata Uwani ita ta shiga da kayan ta haɗa su a tsakar gida, aka jawo mini doguwar waya har zaure, da 'yar lasifika da ke kawo mini sautin fim. Da kunne na yi bayanin daga farko har ƙarshe. In na ji ƙarar ƙyaure na san sarauniya ta shigo, in kiɗa ya sauya na san an shiga daji. Dariyar mata ita ke gaya mini ko ina daidai da hoto ko na yi baya. In Uwani za ta tsayar da fim don a raba abinci, sai ta buga taɓarya a turmi, in ta sake bugawa in ci gaba. Mazan da ke zaune a zauren suka riƙa kallona kamar mai aljanu, ina magana da muryar tsohuwa, in koma ta yarinya, ga bango kawai a gabana. Daga wannan sunan na samu gidajen biki har na rasa inda zan sa kaina.

Ni kaina katun ɗin nan sun fi kwanta mini a rai, ba na ɓoyewa. Ina son launinsu, ina son yadda yarinya za ta buɗe baki ta yi waƙa tsuntsaye su amsa, ina kuma son fuskokin yara in haske ya faɗo a kansu sun saki baki. To amma akwai matsala, wadda ku 'yan yanzu ba lallai ku san ta ba. Ba a tatsuniya da rana. Haka muka taso muka ji: wanda ya yi ko ya saurara, ɓata zai yi a kasuwa, ya kasa gane hanyar gida. Labarin gaske da tarihi kuwa ba laifi ko rana ta take tsaka. Saboda haka da iyaye mata suka fara tambaya, na ce musu tarihin ƙasashen sanyi ne, an zana shi da hannu don a wancan zamanin ba a ƙirƙiro kyamara ba. Wasu suka yarda, wasu suka ga dama su yarda, don su ma suna son yaran su fita daga ƙafafunsu su yi daka cikin natsuwa. Maganar dabbobin da ke magana kuwa ba wanda ya tayar, ni ma ban tayar ba.

Mutum ɗaya ce na san ba ta yarda ba, ko da yake ba ta taɓa cewa komai ba. Iya Kande ke nan, Allah ya ji ƙanta, tsohuwar da ke zaune a gidan bakin rijiya. Ita ce mai tatsuniyar garinmu. Ni da Sabo da duk sa'o'inmu a tabarmarta muka tashi, bayan an ci tuwo, muna rige-rigen zama kusa da ƙafarta. Da na buɗe rumfa, yara suka daina zuwa wurinta. Sun ga mai launi, mai motsi, sai su kwana suna kwaikwayon waƙoƙin katun a tsakar gidajensu. In na gaishe ta a hanya takan amsa a gajarce. Abin yana damuna, amma ban san yadda zan gyara ba, don haka na bar shi a haka.

Sai mugunyar shekara ta zo. Ruwa ya sauka da wuri, kowa ya yi shuka, sannan sama ta ɗauke kamar an rufe famfo. Gero ya tsiro ya ƙone, aka sake shuka, ita ma ta tsaya tana kallonmu. Samari suka tafi ci-rani tun damina ba ta raba ba, bencin dare ya zama rabi ba kowa. Janaretana kuma ya zaɓi lokacin ya ƙone, sai da na kai shi Kano a bayan mota aka sake masa naɗi. Kallon yara shi kaɗai ya rage yana riƙe da rumfar. Wani ya kawo ƙwai, wani ya kawo 'yar gyaɗa a leda, da su nake lallaɓa injin yana tashi.

A cikin wannan hali ne Ummi, ƙaramar 'yar Sabo, ta kalli katun a wurina ranar Juma'a, ranar kasuwa kuma ta bi gwaggonta Ɗambatta ta ɓace. Ba abin da ya same ta. Kafin magariba aka gan ta a layin 'yan hatsi, wata mai fura ta ajiye ta kusa da ita, har ta yi barci a kan buhu. Amma kafin yarinyar ta iso gida, gari ya riga ya haɗa lissafinsa: ta saurari tatsuniya da rana, ta ɓata a kasuwa, me kuma ake jira a gani. Mutanen da gonarsu ke bushewa ba sa rasa abin da za su kama. Alhamis ta zagayo, na share rumfa, na shimfiɗa tabarmi, ba yaro ko ɗaya.

Mai unguwa ya kira ni zaurensa. Liman yana wurin, ya ce wannan canfi ne, ba ruwan addini da shi, kuma shi ba zai sa baki ba. Mai unguwa ya ce ya sani, amma ba liman ne zai kwana da surutun mata ba, shi ne. Ya ce magana ɗaya ce: abin da nake nuna wa yara, tarihi ne kamar yadda na ce, ko tatsuniya ce? In tarihi ne in ci gaba. In tatsuniya ce, kallon rana ya ƙare, na dare kuwa na san sharaɗinsa tun farko. Aka yi ta juya wanda zai raba gardamar, sai Sabo, wanda tun shigowata bai kalle ni ba, ya ce ai garin nan mutum ɗaya ce ta san tatsuniya in ta gan ta. Sai ya ambaci Iya Kande. Matar da na kwashe wa yara ita aka ba wuƙa da nama, kuma in ta ce a rufe, ba kallon yara kaɗai ba, rumfar gaba ɗaya ba za ta kai kaka ba.

Ta zo ranar Alhamis bayan azahar, da sandarta, da tata tabarmar a hammata, ta ƙi zama a kan tawa. Mai unguwa da Sabo suka zauna a benci, wasu tsofaffin mata a bayanta. Yara an hana su shiga, amma ina ganin idanuwa ta ramukan zana. Na so in sa wani mai sarakuna da yawa da dabbobi kaɗan, mai unguwa ya ce a'a, wanda Ummi ta kalla shi za a sa. Shi kuwa labarin wata marainiya ne da ta tafi karɓo ruwan sama daga wani sarki da ya kulle shi a cikin tulu, abokiyar tafiyarta kuma bushiya ce mai surutu.

Ban taɓa yin bayani da murya mai nauyi kamar na ranar ba. Na ba sarkin uba da kaka, na faɗi iyakar ƙasarsa gabas da yamma, na ce masana sun tabbatar an yi fari a zamaninsa. Da bushiyar ta buɗe baki ta gaishe da marainiya, sai tsohuwar ta juyo ta bar talabijin ta zuba mini ido. Na ci gaba da magana ina kallon ƙasa.

Aka zo inda yarinyar ta durƙusa a bakin busasshiyar rijiya ta fara waƙa. Na ajiye makirfo a cinya kamar yadda aka koya mini. Iya Kande ta saurara, kanta yana ɗan kaɗawa, sannan ta tambaye ni me yarinyar ke cewa. Na ce roƙon tulun take ya saki ruwa. Da waƙar ta sake dawowa a ƙofar fadar sarki, sai na ji wata siririyar murya a ƙarƙashin ta fim ɗin. Tsohuwar ce, tana dukan gwiwarta da tafin hannu, ta ɗora wa kiɗan kalmominta: tulu, tulu, saki ruwa, gero na kuka a gona. Da ta dawo a karo na ƙarshe, yaran da ke bayan zana suka amsa mata gaba ɗaya, har Sabo na ga leɓensa yana motsi. Tulu ya fashe, ruwa ya sauka, fim ya ƙare, na je na kashe inji na dawo na tsaya.

"Haladu," in ji ta, "da majina a hancinka na fara ba ka tatsuniya, yau ni za ka yi wa tarihi? Ga marainiya, ga mugun sarki, dabba tana magana, waƙa tana tafiya tana dawowa. Me ya rage? Wannan tatsuniya ce gaba da baya."

Mai unguwa ya gyara murya ya ce to, Haladu, ka dai ji da kunnenka. Sai ta ɗaga masa hannu.

"Ban gama ba, mai unguwa. Tatsuniyar rana tana da ɗauri. Ku ne ba ku tambaya ba."

Ta ce haka kakarta ke yi in ruwa ya tsare su a ɗaki da rana. Ta miƙa hannu ta zaro tsinken ciyawa daga jikin zana, ta ƙulla shi, ta sa aka soke mata shi a bakin ƙofa. Ta ce muddin ƙullin nan yana nan, ba yaron da zai ɓata, in an gama kuma a kwance shi. Amma ba kowa ke ɗaurawa ba, sai tsohuwar da ta daɗe tana bayar da tatsuniya. Kuma ba a tayar da inji sai an fara buɗe wurin da tatsuniyar gida, don baƙuwa ba ta shiga gaban 'yar gari. Tsofaffin da ke bayanta suka ce su ma kamar sun taɓa jin haka. Mai unguwa ya kalli Sabo, Sabo ya ce shi in dai Iya ce ta ɗaure, gobe ma Ummi ta zo. Aka tashi a kan haka.

Washegari rumfa ta cika har waje. Iya Kande ta shimfiɗa tabarmarta a gaban talabijin, ta ba ta baya, ta ƙulla tsinke, ta ce ga ta nan ga ta nanku. Yaran suka kalli juna, don da yawansu ba su san abin da ake amsawa ba, sai da ni da nake tsaye a baya na ce ta zo mu ji ta. Da farko gajeru take bayarwa, yara suna mutsu-mutsu suna leƙen bayanta. A hankali ta riƙa tsawaitawa. Ni kuma ina can bakin rami, hannuna a kan igiyar janareta, ina jiran ta gama, ita kuwa ko ta kaina ba ta bi. Wata rana har sai da na yi tari da gangan, yaran da kansu suka juyo suka ce Baba Haladu ka bari ta ƙarasa.

Shekarar dai ba ta gyaru ba, gero kaɗan muka samu, wake ne ya rufa mana asiri. Amma rumfata ta kai kaka, ta kuma wuce. Bayanina ma ya sake. Kowane sabon katun sai na fara kai mata labarinsa, ta nemo wa waƙarsa amshi na Hausa, yara su riƙa rerawa har a hanyar rijiya. Takan gyara mini in na yi sauri a inda ya kamata a ja rai. Fina-finan tarihi ne dai ta ƙi, ta ce ita ba ta ga abin kallo ba a maza suna kashe juna a kan kujera. Haka muka yi ta yi shekara da shekaru, har ƙafa ta gaza mata na riƙa ɗauko ta a babur. Yanzu Uwani ce ke ɗaure tsinken, don ita ma ta tsufa, ko da yake ba ta son a faɗa.

Wata Juma'a a ƙarshen zamanta, yara sun watse, na miƙo mata tsinken tana kwancewa da kyar. Daga ni sai ita a rumfar. Na daɗe ina son in yi tambayar, ranar dai na yi.

"Iya, tsakaninki da Allah, ɗaurin nan yana hana ɓata?"

Ta yi dariya har sai da tari ya sarƙe ta.

"Kai ma dai, Haladu. Na tsufa ban taɓa ganin wanda tatsuniya ta ɓatar ba. Iyayenmu sun faɗa ne don yara su tashi su ɗebo ruwa. Ɗaurin kuwa kakata ba ta san shi ba. A nan na ƙirƙiro shi, ina kallon bushiyarka."

Na ce to me ya sa, alhali da kalma ɗaya za ta iya rufe ni, kuma ba wanda zai ga laifinta.

"Tun da ka kafa rumfar nan, kullum bayan tuwo sai na shimfiɗa tabarma, in zauna, in gaji, in naɗe abata. Ka san yadda wannan yake? Da na sa an rufe ka, gidajensu za su koma suna jin haushina. Ni ba rufe ka nake so ba, yaran nake so."

Idona ya cika. Ita kuwa ta yar da tsinken, ta miƙo mini hannu in tashe ta, ta ce kuma ranar Alhamis kada in kuskura in taɓa igiyar injin nan sai na ji ta ce ƙurunƙus.